Tsanin Gwaggo Tabawa

Ƙarar jarkoki ce ta tashe ni jiya da rana. Wani ɗan garuwa ne ya bi ta bayan tagata yana tura kura, jarkokin suna gwara kai, kwaram kwaram, irin ƙarar da suke yi idan an je an dawo ba a samu komai ba. Na ɗaga labule na duba gabas. Sama fes, ko ɗigon gajimare babu. Bana ruwa ya yi jinkiri, kowa a gari maganar zafi yake yi, ni kuwa ƙarar nan ta ɗauke ni ta mayar da ni lungunmu na Ƙofar Ruwa, a bazarar shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, ina aji huɗu a firamare.

Ban taɓa ganin bazara irin waccan ba. Famfon ƙofar gidanmu ya daɗe da yin shiru, har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Rijiyar tsakar gida kuwa, idan aka zura guga sai a ji ya daki ƙasa, ya fito da rabin moɗa na ruwa ja mai yashi. Tun da asuba Umma take tashe ni in riƙe mata igiya, don a lokacin ne rijiyar take ɗan tara abin da ta tsatso. Mu tace da tsumma, mu zuba a randa, Umma ta rufe da faifai ta ɗora dutsen niƙa a kai saboda ƙanwata Safiya, wadda ba ta isa shiga makaranta ba amma ta isa ɓarna.

Ruwa ɗaya sai ya yi aiki kala-kala kafin ya bar gidanmu. Wanda aka wanke shinkafa da shi, shi za a wanke kwanuka da shi, sannan a ba tunkiya abin da ya rage. Na alwala a tare shi a kwano, a yayyafa a tsakar gida da yamma ko ƙasa ta ɗan huce. Wanka kuwa da ƙaramin kwanon sha ake aunawa. Ƙurajen zafi suka feso mana a wuya da goshi, Umma tana shafa mana farar hoda, mu yi ta yawo kamar an tsoma mu a garin tuwo. Da rana bango yakan yi zafin da ba a iya jingina da shi. Kaji su kwanta a gindin randa baki buɗe. Har kiran sallar azahar sai ka ji kamar daga nesa yake zuwa, a gajiye.

An fita roƙon ruwa. Na tuna Baba ya dawo da rigarsa a juye, ƙafafunsa fari fat, ya zauna a soro. Mata suka daka gumba aka raba mana sadaka. Da la'asar hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, muka firfitar da bokitai da bahuna muka jera a ƙarƙashin indararo. Iska ta taso ta watsar da shi. Muka mayar da bokitan ɗaki.

A soro kuwa wani zaman ɗar-ɗar ake yi na daban. Kullum bayan la'asar Baba da abokansa suna kewaye da rediyo. An yi zaɓe, fastocin 'yan takara sun cika bangon lungu har rana ta cinye fuskokinsu, amma babu wanda ya yarda ranar miƙa mulkin za ta zo lafiya.

"Soja ya saki kujera da hannunsa? Sai na gani," in ji Malam Garba tela.

"Kai dai rage murya," in ji Baba. "Bari mu ga ranar tukuna."

Mu yara ba ruwanmu da kujera. Fastocin ma ɓallo su muke yi mu yi fifita. Abin da ya dame mu shi ne bazarar nan ta ba mu kyautar da ba a taɓa ba yaran unguwarmu ba: kududdufin bayan gidajenmu ya ƙafe ƙaf.

Kududdufi ne babba, tsohon ramin da aka haƙi ƙasar gina unguwar. Duk kwatocin lungunanmu a cikinsa suke ƙarewa. Mun saba ganinsa kore shar da kainuwa, kwaɗi suna kuka, ko da rani ya yi tsanani yakan bar ruwa a tsakiya. Baba da kansa ya ce tun da ya yi wayo bai taɓa ganin gindinsa ba. A shekarar nan sai ga shi a shimfiɗe, fili fetal, ƙasar ta tsattsage gida-gida kamar bayan kunkuru. Idan ka taka sai ta ce ƙaras. Ni da nake yawan tsayawa kallon abu har a manta da ni, nakan tsuguna in ɓamɓaro ɓawon laka ɗaya, in ga 'yan ƙananan katantanwa a manne a jikinsa, in yi ta tunanin ina kwaɗin suka tafi.

Mu da muka tashi a lungun da mutum biyu ba sa jerawa, yau ga mu da filin da za ka yi gudu har numfashinka ya ƙare. Maza suka kama gefe ɗaya suna langa. Mu mata muka zana gidajen 'yar gala-gala da tsinke, muka tara duwatsun carafke a gindin wata tsohuwar katanga. Shugabarmu Dije ce, 'yar gidan Malam Garba, doguwa mai bakin tsiya, wadda ita ke raba wasa kuma ita ke yanke hukunci idan an yi gardama.

Dije ce ta gano wurin. A tsakiyar kududdufin akwai wata da'ira, faɗinta bai wuce tabarma ba, inda ƙasar ba ta tsage ba. Baƙa ce, sumul, kuma ko da rana tsaka idan ka ɗora tafin ƙafa sai ka ji sanyi ya ratsa ka har ƙoƙon kai. Ga wani ƙamshi da take yi, irin na sabuwar randa.

"Wannan ai firji ne," in ji Dije. "Na gidan Alhaji Uba ma sai da wuta, namu kuwa ba ruwansa."

Shi ke nan sunan ya zauna. Firji ya zama wurin sha a wasan ɓuya. Mai kamu ta tsaya a kai ta rufe ido, mu watse mu laɓe a bayan katanga da juji, sannan kowa ta sheƙo a guje, wadda ta dira a kan Firji kafin a taɓa ta ta ce "Na sha!" ta tsira. Da ƙarfi muke dira, ƙafa biyu, don ƙasar tana ɗan lotsawa ta dawo kamar katifa, abin yana ba mu dariya. Safiya kuwa, da yake ba a lissafa ta a wasa, kuma Umma ta ce kada in bari rana ta dafa ta, a kan Firji nake zaunar da ita. A ganina babu wurin da ya fi shi aminci a duk unguwar.

Mutum ɗaya ce ta hana mu sakewa. Gwaggo Tabawa.

Tsohuwa ce siririya, ita kaɗai a wani ɗan gida da ƙofarsa ke kallon kududdufin. Mijinta ya rasu tun ba a haife mu ba, 'ya'yanta mata suna aure a nesa. Kullum tana kan dakalinta tana kaɗi, mazari yana juyawa, amma idonta ba ya kan zaren. A jikin bangonta, dab da ƙofa, akwai wani tsanin gora dogo a jingine, da igiyar guga a naɗe a matakinsa na ƙasa. Ba mu taɓa ganin ta hau shi ba. Ba ta kuma ba da aronsa, ko ga magina.

Da ta hango mu a tsakiya sai ta miƙe.

"Kai! Ja'iran yara! Ku tashi daga nan!"

"Gwaggo, filin naki ne?" in ji Dije daga nesa.

"Zan zo in nuna miki nawa ne, mai wuya kamar na zalɓe. Ku koma gefe na ce!"

"To ki hau tsaninki ki kamo mu!"

Mu kwashe da dariya mu watse, ta jefo mu da ɓawon laka, da ta zauna mu dawo. Mun ɗauke ta masifaffiya, har waƙar tsokana muka yi mata. Rannan ta yafa mayafi ta shigo gidanmu, ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin Umma, ko zama ba ta yi ba.

"Uwar Rukayya, ki hana yaran nan tsakiyar kududdufi."

"Wani abu suka yi miki, Gwaggo?"

"Ba su yi min komai ba. Wurin ne ba shi da kyau."

"Kamar yaya ba shi da kyau?"

Gwaggo ta buɗe baki, ta rufe. "Ni dai na faɗa miki," ta ce, ta juya ta fita.

Haka ta bi gidajen lungun ɗaya bayan ɗaya. A wurinmu idan tsohuwa ta ce wuri ba shi da kyau, abu ɗaya kowa yake ji, wato akwai mutanen ɓoye. Umma ta kira ni ta biya min addu'ar neman tsari har na haddace, ta ce kada in taka wurin sai na karanta, kuma kada magariba ta same mu a can. Sauran iyaye ma haka suka yi. Daga ranar, kafin mu fara wasa sai mu tsaya a gefen Firji mu karanta addu'a, mu tofa, mu shafa, sannan mu dira a kai hankali kwance.

Ranar rantsarwa ta kama Asabar. Ko makarantar allo ba a yi ba. Tun hantsi mazan unguwa suka cika soron Alhaji Uba, don shi ke da talabijin da janareta, har waje ana leƙe ta taga. Mata suka taru a gidanmu suka kewaye rediyon Baba. Zafin ranar ya bambanta da na kullum. Iska ta tsaya cik, gumi ba ya bushewa, tufafi suna manne wa jiki. Umma ta ce kanta yana sarawa, in ɗauki Safiya mu ba ta wuri.

Bayan azahar muka cika kududdufin, babu babba ko ɗaya a waje sai Gwaggo a dakalinta. Ita ba ta je jin rantsuwar kowa ba. Gabas ta fara duhu, amma mun ga irin wannan ya watse ba sau ɗaya ba, ba wanda ya kula. Na zaunar da Safiya a gefen Firji, na ba ta duwatsun carafke ta yi wasa. Dije ce mai kamu.

Na laɓe a bayan katanga ina jin cida can ƙasa-ƙasa. Sai wata iska mai sanyi ta shafi bayan wuyana, da ƙamshin ruwan da ya sauka a wani gari. Na ɗaga kai ina shaƙa, na ma manta ana wasa. Ihun yara ne ya dawo da ni. Su huɗu ko biyar suka fito tare, Dije ta bi ɗaya, sauran suka dira a kan Firji lokaci guda.

Na ji ƙarar. Ba ta da ƙarfi. Kamar an karya busasshen itace a cikin bargo.

Waɗanda suka dira suka yi tsalle suka fice. Firji ya lotsa, bai dawo ba. Gefen da Safiya take ya karkata kamar faifan da aka ɗaga, ta zame, ƙafafunta suka shige cikin wani baƙin taɓo da ya ɓullo daga ƙasa. Kafin in ƙifta ido ya kai mata ƙugu.

Ba ta yi kuka ba da farko. Ta dube ni, duwatsun suna hannunta, ta ce, "Yaya, ƙasa ta kama ni."

Na ruga. Saura taku kaɗan in isa gare ta ƙasar ta buɗe a ƙarƙashin ƙafata ta dama, na nutse har gwiwa, na ji babu komai a ƙasa, babu abin takawa.

"Rukayya! Koma baya! Kwanta ki ja jiki!"

Ban taɓa jin Gwaggo ta kira ni da sunana ba sai ranar. Muryar ba irin ta masifa ba ce. Jikina ya bi umarnin kafin hankalina, na kwanta rub da ciki na zare ƙafar, takalmina ya tafi. Da na waiga sai na hango ta tana gangarowa, babu mayafi, babu takalmi, tana jan tsanin nan a bayanta yana kartar ƙasa.

"Ke mai dogon wuya, ruga ki kira maza! Ku kuma 'yan langa, ku kama min nan!"

Dije ta tafi a guje. 'Yan langan suka saki ƙafafunsu suka tallafi tsanin. A daidai lokacin ɗigon farko ya faɗo min a hannu, babba, mai nauyi. Na biyu ya faɗo. Sai sama ta ɓalle gaba ɗaya.

Watanni muna roƙon ruwan nan. Na sha kwantawa ina kwatanta yadda zan tsaya a tsakar gida in buɗe baki idan ya zo. Yau ga shi ya zo, ni kuwa ina kwance cikin laka ina cewa a zuciyata, ya Allah ka tsayar da shi, ka ɗan jinkirta. Don na san abin da kowane yaro a unguwar ya sani, duk ruwan da ya sauka a rufin gidajenmu da lungunanmu, nan zai taho.

Gwaggo ta sa aka shimfiɗa tsanin a kwance, ya haye ramin, kansa ya dafa busasshiyar ƙasa a ɗaya gefen.

"Ku zauna a kan gindinsa. Duk wanda ya tashi sai na ci mutuncin gidansu."

Muka danne. Ta warware igiyar, ta riƙe bakinta da haƙori, ta kwanta a kan tsanin ta fara rarrafe. Gorar tana lanƙwasa tana ƙara. Safiya ta fara kuka yanzu, tana mutsu-mutsu, kuma duk motsin da ta yi sai ta ƙara yin ƙasa. Taɓon ya wuce cibiyarta.

"Safiya, daina motsi!" na ce. "Ga Gwaggo nan, daina motsi!"

"Yaya, sanyi! Yana ja na!"

Na waiga wajen lungu ko zan ga maza. Babu kowa. Ta cikin ƙarar ruwan ina jiyo kukan janareta, da tafi da sowa daga soron Alhaji Uba. Daga baya Dije ta ce ta yi ta ihu a bakin ƙofa, aka ɗauka murnar ruwa take yi, sai da ta kutsa ta tsakanin ƙafafun mutane ta cafke rigar babanta. Abin da na gani a madadin mazan shi ne bakin babbar kwata ya fara amai. Baƙin ruwa ya fara fitowa da ledoji da tokar rani, sannan ja, yana malalowa cikin tsagogin ƙasa, yana cika su ɗaya bayan ɗaya, yana nufo tsakiya inda ya fi gangare.

Gwaggo ta isa. Ta zura hannu cikin taɓon ta zagaya igiyar ta ƙarƙashin hammatar Safiya, ta ƙulla, ta jefo mana ɗaya bakin. Hannunta ko rawa ba ya yi, kamar wadda ta sha yin aikin nan.

"A hankali za ku ja. Kada ku fizga. Sai na ce."

Ruwan ya iso. Na ji shi a gwiwoyina, ya wuce mu ya zuba cikin ramin. Ya kai wa Safiya ƙirji.

"Ku ja!"

Muka ja. Igiyar ta miƙe, ta goge mana tafin hannu, Safiya ta ƙwalla ƙara, amma ko motsi ba ta yi ba. Taɓon ya riƙe ta gam. Gwaggo ta tura hannuwanta biyu har kafaɗa tana yaƙutar lakar da ke kewaye da ƙugun yarinyar, tana buɗa wa ruwa hanya ya shiga ya sassauta ta. Fuskarta tana dab da ruwan. Ɗankwalinta ya faɗi, na ga furfurarta a karo na farko.

"Ku sake ja!"

Dije ta dawo tana haki, ta kama igiyar a bayana. "Suna zuwa! Ku ja, don Allah, ku ja kamar kun ci abinci!"

Ruwan ya kai wuya. Safiya ta ɗaga haɓa sama, ruwan sama yana zuba mata a baki, ta daina kuka. Shirun nan ya fi kukan ban tsoro. Hannunta da ke riƙe da matakin tsani ya fara saki, yatsa bayan yatsa. Gwaggo ta cafki wuyan hannun, ta ɗaga murya, wata irin murya da ta fito daga can cikin ciki:

"Riƙe ni, Auwalu! Riƙe ni, ga ni na zo!"

Muka ja da duk abin da ke jikinmu. Na ji wani abu ya saki, da ƙara irin ta cire ƙafa daga kwaɓaɓɓiyar ƙasar gini. Muka zube ta baya a kan juna. Da na ɗago, Safiya tana kwance a kan tsanin a ƙirjin Gwaggo, baƙa wuluk daga wuya zuwa ƙafa, babu siket babu takalmi, tana tari.

A lokacin maza suka iso, Baba a gaba, hularsa ta faɗi a hanya. Suka jawo tsanin da mutum biyun a kai. Muna hawa gangaren na waiga. Inda Firji yake ruwa yana juyawa kamar ana dama kunu, yana shigewa ƙasa da wani irin gurnani, guntayen baƙaƙen itace suna tasowa. Kafin la'asar sakaliya kududdufin ya shafe wurin, kamar ba mu taɓa zana gidan gala-gala a cikinsa ba.

Unguwa ta kacame da murna biyu, soja sun tafi, ruwa ya zo. Kowane indararo da bokiti a ƙarƙashinsa. A tsakar gidanmu Umma ta tsayar da Safiya a ƙarƙashin namu, tana wanke ta tana kuka, ruwa yana zuba a banza babu mai aunawa. Igiyar ta bar mata jan zobe a ƙirji wanda ya daɗe bai ɓace ba.

Da ruwan ya tsagaita Baba da Umma suka tafi gidan Gwaggo, ina biye. Mun same ta ta sake zane, tana zaune tana kallon bango. Baba ya durƙusa ya fara godiya. Ta ɗaga masa hannu.

"Malam, bar shi haka. Ina tsanina?"

"Yana waje, Gwaggo."

"A wanke shi a mayar min inda yake. Igiyar ma."

A hanya na tambayi Umma, wane ne Auwalu? Ta ce babu mai wannan suna a lungunmu, wataƙila wani ta hango take kira ya kawo agaji. Ni na san ba haka ba ne, don ina kallonta, idonta a kan Safiya yake. Washegari kwaɗi suka dawo, ban san daga ina ba. Gwaggo ta koma dakalinta da mazarinta. Ba mu ƙara yi mata waƙa ba, Dije ma ita ta riƙa ɗebo mata ruwa, suna yi suna faɗa.

Yanzu babu kududdufin. An cike shi da shara da ƙasa, an yi shaguna a kai, a daidai tsakiyar akwai mai sayar da ruwan leda. Safiya tana koyarwa, kuma ta ce ba ta tuna komai sai sanyin.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a Gwaggo Tabawa ta rasu. Na je zaman makoki, na zauna kusa da wata tsohuwa da aka ɗauko daga Kabara, Hajiya Yalwa, wadda aka ce ita da Gwaggo tare aka kawo su unguwar suna amare. Da ta ji ni ce yayar yarinyar da aka ciro, sai ta kama hannuna. Na yi mata tambayar da na yi wa Umma.

"Da bakinta ta faɗi sunan?"

"Da kunnena na ji, Hajiya."

"Ikon Allah," ta ce. "Ɗanta ne na fari."

Ta ce an taɓa yin wani fari tun suna da ƙuruciya, kududdufin ya ƙafe, maza suka haƙa rijiya a tsakiyarsa. Yaron yana wasa a wurin, sai bakin rijiyar ya zabtare da shi. Tabawa ta bi gida-gida tana neman tsani, kafin a samo an makara. Aka jera azara a bakin ramin aka bi da ƙasa, damina ta rufe, waɗanda suka yi aikin suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

"To me ya hana ta gaya wa iyayenmu rijiya ce?"

"'Yar nan, in ta ce rijiya, sai a ce yaya aka yi ta sani. Mu a zamaninmu mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta ba da labarinsa, ko yana raye. Ranar da aka binne shi ma ba ta yi kuka a gaban mutane ba, kunya ta hana. Ni da nake aminiyarta ban taɓa jin sunan a bakinta ba." Ta nuna ƙofa da haɓa. "Sati bai cika ba ta sayar da 'yan kunnenta ta sayi tsani. In gara ta ci wannan ta sayi wani. Wancan da kike gani ban san ko na nawa ba ne."

Na leƙa waje. Yana nan a jingine dab da ƙofa, igiyar a naɗe a matakin ƙasa, gorar sabuwa ce. An yi shekaru da cike kududdufin, amma ko shekara ba a yi ba da ta sake sabon tsani.